Idan Ka Ga Ana Cutar da Yaro a Sakkwato: Ina Za Ka Fara, Ina Za Ka Kai

Akwai wata yarinya a lungunmu, ba za ta wuce shekara goma ba, mai tallar awara da la'asar. Wata Talata ta dawo bayan magariba, ko rabin farantin ba a saya ba, tana tafiya tana ɗingishi kamar wadda ta taka ƙaya. Kafin a kira isha'i duk matan lungun sun san abin da ya faru, sun kuma san wanda ya yi. Uwar ta dafa ruwa da bagaruwa ta gasa ta, ta wanke zanen da ɗan kamfan ta shanya a igiya. Da safe dattawa suka zauna a zaure, dangin mutumin suka zo da ban-haƙuri da ɗan abin da suka kira kuɗin magani. Ina cikin waɗanda suka ce a bar wa manya.

Sai ranar Lahadi kawunta ya zo daga ƙauye, ya ce shi bai san wannan zancen ba. Ya ɗauke ta zuwa asibiti, ni na raka su. Ma'aikaciyar jinyar ta ƙirga kwanakin da yatsunta, ta ɗago ta dubi kawun ta ce, “Baba, ina kuka tsaya? Maganin da ake bayarwa don kare ta daga ƙanjamau, lokacinsa ya wuce tun shekaranjiya.”

Babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka zauna a zauren nan. Abin da ya kamata a fara yi ne ba mu sani ba, muka fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, idan ma zai zo. Tun daga ranar na shiga bin diddigin yadda ake yi, kuma abin da na tattara ke nan.

Ba dokar ce ta yi ƙaranci ba

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 tun a 1991. A 2003 aka yi dokar haƙƙin yara ta tarayya, wadda ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sai dai sha'anin yara na jihohi ne, dokar ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihohin Arewa sun daɗe suna jan ƙafa saboda taƙaddama kan shekarun aure da batun mayar da ɗan wani naka, abubuwan da malamai suka ga sai an daidaita su da shari'a. Sakkwato sai da ta yi shekara 18 kafin ta yi tata. A watan Nuwamba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara ta jiha, a shekarar kuma jihar ta samu dokar hana cin zarafin mutane, irin wadda tarayya ta yi a 2015.

To amma doka a takarda take, ba ta zuwa lungu da ƙafarta. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da taimakon UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a ƙasar nan suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma ana yin lalata da su. Waɗanda suka samu wani taimako bayan abin ya faru ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sauran duk a zaure maganarsu ta mutu, ko a ɗakin uwa. Saboda haka babban mutum na farko da ya gani, maƙwabci ne ko malamar aji ko mai shagon bakin titi, shi ne ke yanke ko yaron zai shiga cikin biyar ɗin nan ko a'a.

Mataki na farko: san irin abin da ke gabanka

Ba kowace matsala ce ta 'yan sanda ba, ba kuma kowace ce ta mai unguwa ba. Ni kashi uku nake raba su.

Akwai wadda jiki ke cikin haɗari yanzu-yanzu: fyaɗe, luwaɗi, duka har da karaya ko fashewar kai, ƙuna da wuta ko ruwan zafi, yaron da yunwa ta kumbura wa ƙafafu. Wannan asibiti ne kafin komai. Akwai wadda laifi ce ko da jini bai fita ba: ɗaure yaro da mari, kulle shi a ɗaki kwana da kwanaki ba abinci, ɗaukarsa a kai shi wata ƙasa aikatau, babba ya riƙa shafa jikin yarinya yana ba ta alawa ko 'yan canji. Wannan ta hukuma ce. Sannan akwai ta sakaci da talauci da rashin sani: an cire yarinya daga makaranta don talla, uba ya saki uwa ya daina ciyarwa, almajiri ba wanda ya leƙo shi shekara biyu. A nan ne nasiha da sulhu da taimakon dangi ke aiki, kuma a nan ya kamata a fara da su.

Kuskurenmu kullum shi ne mu ɗauko maganin kashi na uku mu shafa wa na farko da na biyu.

Mataki na biyu: yadda za ka yi magana da yaron

Janye shi daga cikin mutane, amma kada ka kulle ƙofa ku biyu. Idan yarinya ce, a samu mace mai hankali wadda ta saba da ita. Zauna ƙasa yadda idonka zai yi daidai da nasa. Kada ka yi salati da ƙarfi ko ka dafe kai, domin yaro na ganin fuskarka ta canza zai ɗauka shi ya yi laifi, sai ya haɗiye sauran maganar.

Tambaya ɗaya buɗaɗɗiya ta isa: “Ɗiyata, gaya mani abin da ya faru.” Sai ka yi shiru. Kada ka ce “Wane ne ya yi maki, ko?” Idan ka sa mata suna a baki, lauyan wanda ake tuhuma zai kama wannan a kotu ya ce koya mata aka yi, kuma idan ba shi ba ne ka ɗauki alhakin bawan Allah. Kada ka tambaye ta me ya kai ta shagon, ko me ya sa ba ta yi ihu ba. Mu manya muna jin waɗannan a matsayin tambaya, ita kuwa tuhuma take ji. Abin da take bukatar ji shi ne ba laifinta ba ne, kuma ta kyauta da ta faɗa.

Kada ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, don ba za ka iya cikawa ba. Ce mata za ka gaya wa waɗanda za su taimaka ne kawai. Bayan kun gama, samu takarda ka rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ba da naka ba, da rana da lokaci. Ko da ajami ne, rubuta. Wata shida nan gaba a gaban alƙali za ka gode wa wannan takardar. Sannan a daina sa ta maimaitawa. Gwaggo ta zo a ce faɗa mata, kaka ta zo a ce faɗa mata. Kowace maimaitawa fami ce, kuma labarin yana canza kama har ya zama abin da za a ƙaryata ta da shi.

Mataki na uku: asibiti, kuma agogo na tafiya

Idan lalata ce aka yi, kana da awa 72, wato kwana uku cif daga lokacin da abin ya faru. A cikinsu ne ake fara maganin kariya daga ƙanjamau, wanda ake sha kwana 28 ba fashi, kuma wanda aka fara a ranar farko ya fi wanda aka fara a ta uku. Idan yarinyar ta fara al'ada akwai maganin hana shigar ciki na gaggawa, shi ma ƙarfinsa a kwanakin farko yake. Akwai na sauran cututtukan sanyi, da allurar tetanus idan an ji rauni.

Kada a yi mata wanka, kada a gasa ta, kada a wanke kayan. Na san wannan yana da wuya ga uwa, don abin da zuciyarta ke ba ta shi ne ta wanke ƙazantar daga jikin 'yarta. Amma abin da take wankewa shi ne shaidar. A cire kayan a naɗe su a takarda mai tsabta ko babbar ambulan, ba a leda ba, don leda na riƙe danshi ta ɓata su. Idan kuwa an riga an yi wankan, ko kwana ukun sun wuce, a tafi duk da haka. Akwai gwaji da magani da rubutun likita da ba su wuce ba.

A cikin gari wurin zuwa shi ne Cibiyar Nana Khadija da ke cikin Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. An buɗe ta a 2020 don irin wannan aiki, ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana duba mutum, a ba shi magani, a zauna da shi a kwantar masa da hankali, a rubuta rahoton likita, duk kyauta, kuma ba sai ka fara biyawa ta caji ofis ba. Maza ma ana kai su. Na faɗi haka ne don yaran da ake yi wa luwaɗi, musamman almajirai masu kwana a rumfunan kasuwa da tashoshi, su ne ba a cika kaiwa ko'ina ba. Idan kana nesa, a Tangaza ko Isa ko Kebbe, kada ka jira sai ka samu kuɗin motar birni. Je babban asibitin ƙaramar hukuma a fara maganin, daga baya a ƙaraso.

Kafin ku bar asibiti ka tabbata an buɗe kati, ka riƙe lambarsa, ka san ranar da aka ce a dawo. Mutane da yawa suna zuwa na farko su watsar da na biyu, alhali gwajin da ake maimaitawa bayan makonni shi ke nuna ko an tsira.

Mataki na huɗu: kai rahoto

Ka tafi caji ofis mafi kusa da inda abin ya faru, da uba ko uwa ko wani waliyyi idan zai yiwu. Idan wanda ake zargi shi ne uban ko mai riƙon, to kada ka nemi izininsa. Nemi kawu ko kaka ta wajen uwa, ko ka wuce kai tsaye wurin jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko Ma'aikatar Mata da Ƙananan Yara ta jiha, waɗanda ke da hurumin nema wa yaro wurin zama na wucin gadi. Ka nemi a haɗa ku da jami'in da ke kula da shari'o'in mata da yara, kuma a ɗauki bayanin yaron a keɓe, ba a kan kanta ba inda kowa ke saurare.

Karanta abin da aka rubuta kafin ka sa hannu. Idan da Turanci ne kuma ba ka ji, a fassara maka layi-layi. Rubuta sunan ɗan sandan da aka ba binciken da lambar wayarsa. Manyan laifuka irin fyaɗe yawanci ba sa ƙarewa a caji ofis na unguwa: ana tura su sashen binciken manyan laifuka a hedikwata, fayil ya je Ma'aikatar Shari'a don shawarar lauyoyin gwamnati, sannan kotu. A kowace gaɓa fayil na iya yin barci. Abin da ke tashinsa shi ne a ga akwai mai bibiya. Don haka tun a makon farko ka sanar da wani na uku: ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Sakkwato, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali. Duk ba a biyan su. Fayil ɗin da lauya ke leƙowa a kansa duk bayan mako biyu ba ya ɓata da sauƙi.

Mai unguwa da hakimi da uban ƙasa fa? A sanar da su, da ladabi, domin su ne za su hana a tsangwami gidan yarinyar, kuma kalmarsu na da nauyi idan dangin mai laifi suka fara barazana. Amma sanarwa ce, ba miƙa shari'a ba.

Mataki na biyar: ranar da 'yan ban-haƙuri za su zo

Za su zo, kada ka yi shakka. Yawanci bayan isha'i, mutum uku ko huɗu, da wani dattijo da kake jin nauyinsa a gaba, wataƙila limamin da ya raɗa maka suna. Ba za su ce ba a yi ba. Cewa za su yi, “Wanga abu ƙaddara ta, a ruhe asiri. Ɗiya macce ta, gobe wa za ya aure ta in magana ta hita?” Wannan ita ce magana mafi ƙarfi da suke da ita, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don mun san halin bakin mutane.

Ka shimfiɗa masu tabarma, ka kawo ruwa, kada ka ɗaga murya. Amsar da na ga ta yi aiki gajeruwa ce: “Baba, Allah shi ba ku haƙuri, magana ta wuce hannuna, tana hannun hukuma.” Gaskiya ce kuwa, domin a dokar ƙasa fyaɗe laifi ne da gwamnati ke ƙara a kai, uba ba shi da ikon yafe shi a madadin 'yarsa. Kada ka karɓi ko sisi, ko da sunan kuɗin magani ko na mota, don gobe za a ce an sasanta. Kada ka sa hannu a kowace takarda a zaure.

Rufin asiri abu ne mai kyau, addini ma ya yi horo da shi. Sai dai a duba asirin wa ake rufawa. Asirin yarinyar ana rufa shi ne ta hanyar ɓoye sunanta, da hana yaɗa zancen a gidan biki, da neman kotu ta saurari shaidarta ba a bainar jama'a ba. Abin da ake yi a zaure kuwa asirin mutumin yake rufawa, ya koma shagonsa, 'yan talla na ci gaba da wucewa ta gabansa. Wanda ya yi wa yarinyar lungunmu, daga baya muka ji ba ita ce ta farko ba. An taɓa yin irin wannan zaman a wata unguwa. Mafi muni shi ne a ce a ɗaura masa aure da ita don a wanke abin kunya. Wannan kam ko a zaure kada ka bari a ƙarasa faɗinsa.

Haka kuma ka riƙe wayarka. Kada ka ɗauki hoton yaron ka saka a Facebook ko ka tura zaurukan WhatsApp da sunan neman adalci. Hoto ba ya gogewa. Za ta girma, ta je makaranta, a nuna mata. Kada kuma ka kira sunan wanda ake zargi a fili kafin hukuma ta kama shi: ko ya gudu, ko matasa su far masa, shari'ar ta juye ta zama ta kisan kai, ko kai a maka ka kotu kan ƙazafi. Idan akwai raunin duka da kake son ajiye shaidarsa, ɗauki hoton raunin ban da fuska, ka nuna wa likita da mai bincike kawai.

Almajirin da ke cin tuwon gidanka

Kusan kowane gida a Mabera ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai yana da nasa, mai zuwa da 'yar roba da safe ya share tsakar gida. Mun saba da ganinsu har ba ma ganinsu. Ranar da ya zo, dubi tsakanin yatsunsa ko akwai ƙazuwa, dubi kansa ko akwai makero, dubi bayansa idan ya tuɓe riga zai yi wanki. Tambaye shi garinsu, da sunan malaminsa, da inda yake kwana, da rabonsa da iyayensa. Ƙolo ɗan shekara shida da bai san sunan ƙauyensu ba, idan ya ɓace ba mai nemansa.

Sannan ka je tsangayar da kanka, ba da faɗa ba. Gaida alaramma, ka ce yaron nan yana zuwa gidanka, kana son ka kai shi asibiti, ko ka sa shi firamare da safe ya yi allonsa da yamma da dare. Mafi yawan malamai ba sa ƙi idan an zo masu ta ƙofa, don su ma an jibge masu yara ne ba tare da ko mudun gero ba. Karɓi lambar uban ka kira shi. Wani lokaci kira ɗaya daga baƙon murya yana sa uba ya tuna yana da ɗa a birni. Amma idan ka ga mari a ƙafa, ko tabon wayar wuta a baya, ko yaron ya ce wani gardi na tashinsa da dare, ka koma mataki na uku da na huɗu. Ba a nasiha a wannan. Abin da aka gani a gidan da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu a ɗaure da sarƙa, shekaru aka yi maƙwabta na wucewa ta ƙofarsa.

Gwamnati ta sha gwadawa. A Gagi, nan cikin Sakkwato, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani a 2012, a 2023 kuma aka kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Yaran da ke bara a Tsohuwar Kasuwa dai ba su ragu a idona ba, sai ma ƙarin 'ya'yan 'yan gudun hijira daga Sabon Birni da Isa da Rabah da 'yan bindiga suka tarwatsa.

'Yar aiki, da hanyar Illela

Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da ɗauri ga wanda ya yi. Wanda ya wuce haka ma ba a yarda a sa shi aikin da zai cutar da shi ba. Idan yarinyar maƙwabta ita ce ta farkon tashi ta ƙarshen kwanciya, ba boko ba islamiyya, kuɗin aikinta kuma wata dillaliya ke karɓa, to NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ce ke da wannan, kuma tana da ofishin shiyya a Sakkwato. Su ne kuma za ka kira idan a tasha ka ga mace ɗaya da yara biyar ko shida da ba su yi kama da juna ba, ba sa jin yarenta, ita ke amsa duk tambayar da aka yi masu, sun nufi Illela, garin kan iyakar Nijar. Daga Illela sai Birnin Ƙonni, daga can Agadas, daga can sai abin da Allah ya yi. Kada ka tare ta da kanka. Riƙe lambar motar, ka gaya wa shugabannin tasha da jami'an tsaro kafin ta cika.

Idan aure ya mutu

A nan mutane ke yawan yin abin da suke zato addini ne alhali al'ada ce. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani, riƙon na komawa ne ga kakarsu ta wajen uwa kafin a zo kan dangin uba. Ci da sha da tufa da magani kuwa suna kan uba, ko a ina yaran suke. Ƙwace ɗan yaye a kai wa kishiya don a ƙuntata wa uwarsa ba shi da tushe. A fara da waliyyai da limami. Idan ya ƙi, uwar ta shigar da ƙara a kotun shari'a mafi kusa, ta nemi a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuce. Idan uban ya rasu ko ba shi da komai, a kai sunan marayun Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta hannun kwamitin gundumarsu.

Makaranta kuma, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Idan za ka yi wa uba magana kan cire 'yarsa, ba sai ka ɗauko masa dokar Abuja ba. A garin da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, wadda mahaifinta Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, hujjar tana nan a Hubbare, inda kabarin Shehu yake. Idan aure ake son yi mata jikinta bai ƙosa ba, ka roƙi uban ya je ya tambayi ma'aikatan sashen yoyon fitsari na Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha yadda doguwar naƙuda ke yi wa ƙaramar yarinya.

Abubuwa biyu da ido ke iya kamawa da wuri

Tamowa: ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar, ma'aikatan lafiya na auna damtse da wani ɗan tef mai launi uku, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron na cikin haɗari. A gida, danna babban yatsa a bayan ƙafafunsa biyu na ɗan lokaci. Idan ramin ya zauna bai taso ba, a tafi asibiti a ranar. Abincin tamowa na 'yar leda da ake bayarwa magani ne na yaron shi kaɗai, ba na rabawa da yayyensa ba, balle na kai wa kasuwa.

Sai cutar noma, wadda ke cin fuskar yara 'yan shekara biyu zuwa shida, galibi masu fama da yunwa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Tana farawa da gyambon dasashi, da warin baki mai tsanani, da kumburin kunci. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da ita. Idan aka tsaya jiƙe-jiƙe, cikin kwanaki take huda kunci, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa. Sakkwato na da asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki a cikinsa tun 2014, kuma ba a biyan kuɗi.

Takardar da komai ke rataye a kanta

Duk abin da na lissafa, da zarar an je gaban hukuma tambayar farko ita ce shekarun yaron nawa. Idan ba takarda, sai a koma “an haife ta shekarar da aka yi ambaliya”, lauyan ɗaya ɓangaren kuma ya ce ai ta girma. Haka idan yaronka ne aka kama: takardar ce za ta sa ka iya tsayawa ka ce kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da manya, a kira iyayensa, a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu kamar yadda sashe na 35 na tsarin mulki ya ce, kuma beli a caji ofis ba a sayen sa.

Rajistar haihuwa wajibi ce tun dokar 1992, ana son a yi ta cikin kwana 60 da haihuwa, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, ba katin asibiti ko na rigakafi ba. Masu rajistar na zama a manyan asibitoci da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin 23 da muke da su. Idan kwana 60 sun wuce, ko yaron ya shekara bakwai, a je duk da haka. Tafi da katin asibiti ko na allura idan akwai, da cikakken sunan uwa da uba. Duba yadda aka rubuta sunan da ranar haihuwar kafin ka bar teburin, don gyara daga baya wahala ne. Idan ka dawo gida ka ɗauki hotonta a waya, ka ba kakar yaron kwafi ɗaya, asalin kuma a sa a leda a ƙasan akwati, inda gara da ruwan damina ba za su kai ba.